Yadda Wasan Kwaikwayo Ya Shiga Makarantunmu, da Yadda Ya Fita

Tun kafin Bature ya gina aji ko ɗaya a ƙasar Hausa, yaro Bahaushe ya san kwaikwayo. Da azumi ya kai kwana goma sai yara su fantsama cikin unguwa da dare suna tashe. Wannan ya liƙa gemun auduga, ya dogara sanda, yana takawa da ƙyar kamar wanda ya shekara tamanin; wancan ya rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau mai magani; 'yan mata kuma su shirya Mairama da Daudu, su nuna zaman aure tun ba su san shi ba. A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da hakimansa, kowa a ɗauko tafiyarsa da irin maganarsa. A karkara, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan yi kalankuwa su naɗa nasu masu mulki. Ga kuma 'yan kama, masu zama irin na malamai suna jan baƙi a kan tuwo da miya. Duk wannan ba wanda ya zaunar da wani ya koya masa. Ƙane ya gani wajen wa, shi ma baɗi ya yi.

Abin da boko ya ƙara a kai shi ne takarda da dandamali, da malamin da zai tsaya a gefe yana cewa a sake. Wannan ƙarin ne ya haifi rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa, kuma a makaranta aka haife shi, a hannun malaman makaranta, domin 'yan makaranta.

Wajajen 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta sake fasalin ilimi a Arewa, aka samu makarantun Midil a manyan garuruwan larduna, irin su Kano da Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauchi. Makarantun kwana ne na maza, kuma su ne matakin da ke tsakanin Elementare da Kwalejin Katsina. Babbar matsalarsu ita ce rashin abin karantawa da Hausar boko. Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, ita aka ɗora wa wannan nauyi, ƙarƙashin Dokta Rupert East, wanda shi kansa ya taɓa koyarwa a Katsina. Kowa ya san gasar da ya shirya a 1933, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a cikin shekarun nan na 1930 ya fitar da wani ɗan littafi mai suna Six Hausa Plays. Sunan ne kawai da Turanci, wasanni shidan da ke ciki da Hausa suke, kuma an shirya su ne don ɗalibai su tashi su yi. Shi aka fi ɗauka a matsayin littafin wasan kwaikwayo na farko da aka buga da Hausa. A nan ɗan makaranta ya fara ganin magana a tsare a takarda, sunan mai magana a gefe, abin da zai faɗa a gabansa, da bayanin wanda ya shigo da wanda ya fita.

East ya nuna hanya, amma wanda ya fara gane ƙarfin abin yaro ne ɗan Kano. Aminu Kano ya yi karatu a kwalejin nan da aka ɗauke daga Katsina aka mayar Kaduna, tsakanin 1937 da 1942. Tun yana ɗalibi yake tsara wasanni yana tara 'yan'uwansa su yi. Sunayen wasu daga ciki sun isa su gaya maka inda ya dosa: Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, da kuma Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. A lokacin da talaka ba ya iya ɗaga ido ya dubi ɗan doka, balle ya soki En'e, sai ga yara a kan dandamali suna nuna yadda ake damfarar baƙauye, suna nuna zalunci da haɗama, mutane na dariya, dariyar kuwa tana da ƙaya a ciki. Da ya gama ya tafi koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin malamai, ga kuma Malam Sa'adu Zungur a gari. Bai bar wasan a Kaduna ba, ya ci gaba da shi tare da ɗalibansa. Daga can ya je karo ilimi Landan, ya dawo, aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, kafin ya ajiye alli a 1950 ya shiga siyasar NEPU gadan-gadan.

Abin baƙin ciki, ba a buga wasannin nan nasa ba. Sunayensu da labarinsu ne suka iso gare mu ta bakin waɗanda suka gani. Amma duk wanda ya taɓa jin yadda Malam Aminu yake lacca, yadda zai ɗauko muryar hakimi ya ajiye, ya ɗauko ta talaka, ya bar taro ya yi dariya sannan ya sako maganar da ya zo da ita, ya san cewa dandamalin makaranta bai tafi a banza ba. Haka nan marigayi Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Shi ma ya bi ta Midil ta Kano, wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa, ya wuce Kaduna, ya dawo ya koyar, kuma ya riƙe wasan kwaikwayo da hannu biyu har aka san wata ƙungiyar wasa a Kano da sunansa. Muryar nan da ta riƙa girgiza majalisa a Ikko, ta je ta wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1979, a gaban 'yan makaranta ta fara gogewa.

Ba kowane malami ne ya ɗauki wasa makamin siyasa ba. Mafi yawa sun ɗauke shi hanyar wayar da kai. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga a 1949, kan tsafta da kiwon lafiya ya tsaya. A zamanin NORLA, hukumar da aka kafa don samar da littattafan yaƙi da jahilci, an sami Malam Inkuntum na Dogondaji. Sai Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, wasannin da suka faro daga rediyo kafin su shiga takarda. Da aka kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966, sai ƙofa ta buɗe sosai: Uwar Gulma ta Muhammad Sada, Tabarmar Kunya ta Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano a 1969, Daren Sha Biyu da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassaro daga Shakespeare a 1971, Shaihu Umar da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa a 1975, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979. Kusan dukkansu makaranta ce kasuwarsu. Malamin da a da sai ya zauna ya ƙago labari da kansa, yanzu ya sami abin da zai ɗauko daga kanta ya raba wa yara.

A wannan zamani ne na yi tawa sakandaren, ƙarshen shekarun 1970, a wata makarantar kwana ta maza. Zan ɗan tsaya a nan, domin littattafan tarihi sukan lissafa sunayen wasanni da marubuta, amma ba su cika faɗin yadda ake koyar da abin ba.

Ba mu da ɗakin wasa. Ɗakin cin abinci ne, a ture bencina baya, a haɗa tebura takwas ko goma a ɗaure ƙafafunsu da igiya don kada su rabe da mutum. Labule kuwa barguna ne na ɗakin kwana, a ɗinke bakinsu da allura, a zarga a waya. In an ɗauke wuta a kunna fitilar gas biyu a rataye. Malaminmu na Hausa shi ne uban ƙungiyar wasan, kuma ba a biyansa ko kwabo a kan wannan. Bayan sallar la'asar, sau biyu a mako, yakan zo da littafinsa a aljihun riga, ya wuce can ƙarshen ɗaki ya jingina da bango. Daga can yake aiki. Ka buɗe baki ka fara, sai ka ji ya ce, “Ban ji ba.” Ka ɗaga murya, ya ce, “Ban ce ka yi ihu ba. Cika cikinka da iska, ka yi magana da ni, ni da ke nan.” Yaro zai maimaita jimla ɗaya sau goma, har ya gane bambancin ɗaga murya da kai murya. Doka ta biyu, ba a ba 'yan kallo ƙeya. Ta uku, in an yi dariya ka dakata ta lafa, kada ka zubar da maganarka a cikin hayaniya.

Shekarar da muka yi Uwar Gulma, wanda aka ba Hayatu, mijin nan da ya ƙuntata wa Halima, yaro ne mai son ba da dariya. Da aka zo inda zai dawo gida cikin dare a buge, sai ya shigo yana tangaɗi, yana karo da kujera, yana faɗuwa yana tashi. Mu duka muka kece da dariya. Malam bai yi ba. Ya taho a hankali ya ce, “Zo nan. Ka taɓa ganin mashayi?” Ya ce ya gani. Malam ya ce, “To, ba ka lura ba. Mashayi ba ya son a gane ya sha. Ƙoƙari yake ya miƙe sosai, ƙafar ce ke ƙi. Kai kuwa ƙoƙarin faɗuwa kake. Kuma in mutane suka yi ta dariya a nan, wa zai ji tausayin yarinyar da ke zaune tana jiransa?” Yaron ya sake shigowa, wannan karon a tsaye ƙyam, yana taka ƙasa da nauyi, yana neman bakin ƙofa da hannu. Ɗakin ya yi tsit. Ranar na fara fahimtar cewa kwaikwayo lura ce kafin ya zama komai.

Don haka ne ma yakan ba mu aiki ranar fita gari. Wanda zai fito a tsoho ya je bakin masallaci ya ga yadda dattijo ke zama, da wane hannu yake dafa ƙasa in zai tashi. Wanda zai fito a dillali ya tsaya a kasuwa ya ji yadda ake taya kaya da yadda ake cewa albarka. Wanda aka ba matsayin mace, tunda mu duka maza ne, shi ya fi kowa shan wuya: ga tsokanar abokai, ga ɗaurin zane da ke kwancewa, ga Malam na hana shi maƙale murya. Yakan ce ba siririyar murya ce mace ba, a dubi yadda take sunkuyar da kai gaban surukai, da yadda take ajiye kwano. A makarantun 'yan mata kuma akasin haka ake yi, yarinya ta sha babbar riga da rawani, ta zana gashin baki da gawayi, ta fito a alƙali.

Ba a tilasta mana haddace kowace kalma. Malam yakan ce mu riƙe ƙashin maganar da karin maganar da ke ciki, sauran mu faɗa da bakinmu. Amma akwai mai tuni, wani yaro mai tsananin kunya da ya ƙi yarda ya hau tebur. Shi ke tsugunne bayan bargo da tocila da littafi, in wani ya kakare ya raɗa masa. Kafin ƙarshen zango ya haddace littafin tun daga bango har bango. Ranar da mai fitowa a mahaifin Halima ya kwanta zazzaɓi, shi aka tura, yana rawar jiki, ya kuwa yi abin da har shugaban makaranta ya tashi ya ba shi hannu. Kowa da aikinsa: masu aron kaya daga gidajen malamai, masu jan labule, mai busa usur a yi shiru. Ranar bikin raba kyaututtuka, iyaye da hakimi da jami'in ilimi na zaune, a nan ake nuna abin da aka shafe wata uku ana gyarawa.

A daidai wannan lokaci abin yana ƙara samun gindin zama a sama. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da aka kafa a farkon shekarun 1960, ya fito da mutane irin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Umaru Ɗanjuma Kasagi, yara suka sami waɗanda za su kalla su ce haka nake so in zama. A 1975 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni, ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina musu ɗakin wasa na ƙasa irin ginin Hausa a Samaru. Malaman wannan fanni ne suka fitar da ɗalibai daga harabar jami'a zuwa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma, su ji damuwarsu, a ƙulla wasa tare da su a yi shi a dandalin gari. Da yawa cikin waɗanda suka bi ta wannan horo sun ƙare a koyarwa, suka kai salon kwalejojin horon malamai da sakandare. Sai ga bikin al'adu na FESTAC a 1977, jihohi na ta gasar al'adu don zaɓen wakilai.

'Yan'uwanmu na Nijar ma ta hannun malaman makaranta abin ya bi, ko da yake tasu hanyar ta faro ne daga makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da ta mallaka, kuma ɗalibai ke shirya wasanni tun shekarun 1930. Abin da suke kira teyatur ya bunƙasa ƙwarai a zamanin Seyni Kountché, da ƙungiyoyin Samariya da bikin matasa na ƙasa da ake yi shekara-shekara. Yazi Dogo, wanda sunansa ya zama ɗaya da wasan Hausa a Damagaram da Yamai, malamin makaranta ne.

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba. A 1976 aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, kuma a 1982 ambaliyar yaran farko ta iso ƙofar sakandare. Alheri ne babba, amma ba a tanadi wurin saukarsa ba. Jihohi suka koma buɗe makarantun jeka-ka-dawo, wasu na kwanan ma aka sallami masu kwana. Wasan kwaikwayo kuwa ɗan yamma ne da daren Asabar. Yaron da ke tashi ƙarfe biyu ya kama hanyar gida, yaushe zai tsaya gwaji? Ajin da ke da mutum talatin ya koma ɗari. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, albashin malami ya zama ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda da yake ba da yammacinsa kyauta ya koma neman abin da zai ciyar da iyali. Hankalin hukuma da na iyaye kuma ya karkata ga kimiyya. Ba na ganin laifin wannan, muna bukatar likitoci da injiniyoyi, amma an yi shi kamar dole sai an rufe wata ƙofa kafin a buɗe wata.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda jarrabawa ta riƙe littattafan ta saki wasan. Har gobe akwai wasan kwaikwayo a takardar adabin Hausa ta WAEC da NECO, tare da zube da waƙa. Amma yaro yana zaune ake karanta masa, ko a rubuta masa taƙaitawa a allo: jigo kaza, salo kaza, halayen tauraro kaza. Ya haddace, ya zuba a takarda, ya ci. Zai iya gaya maka yadda Kyallu ta tsiyata Malam Jatau, amma bai taɓa tsayawa ya faɗi jimla ɗaya daga bakin Jatau ba, bai ji nauyinta a ƙirjinsa ba. Littafin da aka rubuta don a tashi a yi, an mayar da shi abin bita kamar jadawalin lissafi.

Da makaranta ta saki, unguwa ta ɗauka. Ƙungiyoyin wasa na matasa suka yawaita a Kano, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, suna yi a dandali, suna kai wa gidajen talabijin. Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, daga nan masana'antar da ake kira Kannywood ta tashi. Wanda ya kalli finafinan farko zai ga dattawan da suka san tsayuwa, suka san kai murya, suka san inda ake ajiye karin magana. Da yawansu a makaranta suka fara. Amma da harkar ta zama ta kuɗi, rawa da waƙa irin na Indiya suka mamaye, sai sunan wasan kwaikwayo ya ɓaci a kunnen iyaye da malaman addini. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Ƙorafin iyaye ba duka ne na banza ba, kuma duk uban da ya ce yana tsoron tarbiyyar 'yarsa yana da haƙƙin a saurare shi. Sai dai laifin wani ya shafi wani. Shugaban makarantar da a da yake alfahari da ƙungiyar wasansa ya koma gudun kada a ce yana koya wa yara fim. Aka manta cewa Kulɓa Na Ɓarna, alal misali, gargaɗi ne ga 'yan mata 'yan makaranta game da masu kuɗin da ke yaudararsu, kuma ba wanda zai isar da wannan gargaɗi ga yarinya kamar 'yar'uwarta da ke kan dandamali.

A takarda dai ba a kore shi ba. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, da hukumar NERDC ta fitar a 2007, ta haɗa wasan kwaikwayo da kiɗa da zane a darasi guda na al'adu da fasaha, daga firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. Amma malami ɗaya ake ba darasin, galibi wanda ya karanta zane, kuma a makarantu da dama abin ya tsaya ga rubuta ma'anar dandamali a allo. Inda na ga yana da rai har yanzu shi ne a makarantun Islamiyya ranar saukar karatu, da wasu makarantu masu zaman kansu ranar yaye ɗalibai, da ƙungiyoyin Hausa na 'yan makarantun da suka dace da malami mai kishi. Za ka ga yaran suna da baiwa ƙwarai, amma suna ba mutane baya, suna cinye ƙarshen magana, suna rige-rigen makirufo guda. Ba wanda ya tsaya a ƙarshen ɗaki ya ce musu bai ji ba.

Ina roƙon shugabannin makarantunmu na sakandare da malaman Hausa, musamman waɗanda suka ga zamanin da nake magana a kai: littafin da aka sa wa ɗalibanku a jarrabawa bana, ku ba su su yi shi kafin su rubuta shi. A ware yamma ɗaya a mako, maza a nasu wuri, mata a nasu in haka ya fi kwantar da hankalin iyaye, a gayyaci iyayen su zo su gani da idonsu a ƙarshen zango. Tebura suna nan a kowace makaranta, kuma tsofaffin malaman da suka iya abin ba su ƙare ba tukuna; a neme su tun suna da ƙarfin tsayawa.